Dutse mai rai ko bakteriyar kwalba: wanne ya fi saurin shirya tankin murjani?

Sabon tankin ruwan gishiri ba ya riƙe rai sai bakteriya sun zauna a cikinsa, masu mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin halittun ruwa, zuwa naitirayit, sannan naitiret mai ƙarancin illa. In an bar shi haka kawai, sai ya ci makonni 4 zuwa 6.

Dutse mai rai, wato wanda aka ciro daga tsohon tanki mai lafiya, da bakteriyarsa yake zuwa. Muddin bai bushe a hanya ba, cikin kwanaki kaɗan aiki ya kankama. Sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. A ramukansa ake samun Aiptasia, wata 'yar halitta mai harbin murjani, ga gansakuka mai taurin kai. Ga wanda ke renon ƙananan yankan murjani, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

Busasshen dutse da bakteriyar kwalba, wato wadda ake sayarwa a kwalba irin su Fritz TurboStart, sun fi tsabta. A daidaita gishiri a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi kusan digiri 25 na Celsius, a zuba amoniya har 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan. Ranar da ta ɓace cikin awa 24, tanki ya shirya. Amma kada a yi murna da wuri, domin ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa takan lulluɓe dutsen na wasu makonni.

Ni kam na biyun nake ɗauka, in ƙara ɗan dutse ɗaya daga tankin da na yarda da shi.