Kapasitar akwatin haɗin gambiza ba ta dace da transimita mai wat 5 ba

Akwatin nan mai ƙananan ɗakuna da ake sayarwa cike da kapasitoci na yumbu, tun daga 10 pF har 100 nF, yana da arha ƙwarai, shi ya sa kusan duk mai fara haɗa rediyo da shi yake farawa. Na gwada shi a kan transimita ta gida mai wat 5, wadda ke aiki a kan 7 MHz da transisto IRF510 a matakin ƙarshe, na kuma kwatanta shi da wasu nau'o'in kapasita uku, wato C0G da maika da folistarin. Hukuncina shi ne akwatin yana da wurin da ya dace da shi, amma ba a osileta ba, wato matakin da ke samar da firikwensi, ba kuma a filtar fita ba, wadda ke tace sigina kafin ta kai eriya.

Matsalarsa ta farko, ba a rubuta irin yumbun da aka yi su da shi ba. Lamba kawai za ka gani, 101 ko 471 ko 104, wato 100 pF da 470 pF da 100 nF. Lambar tana gaya maka girma, amma ba ta gaya maka yadda kapasitar ke yi da zafi ba, alhali a nan ne duk rigimar take. Yumbun kapasita iri-iri ne: C0G, wadda wasu ke kira NP0, ba ta sauyawa fiye da kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri. X7R an yarda mata ta yi sama ko ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Y5V kuwa tana iya zubar da har kashi 82 cikin ɗari na ƙimarta. Idan kapasitar da ke tare da koyil ta sauya da kashi 1 cikin ɗari kacal, firikwensi zai gusa da rabin haka, wato kusan 35 kHz a kan 7 MHz. Wanda kake magana da shi ya riga ya rasa ka. C0G kuwa, ko zafi ya tashi da digiri 10, gusawar da za ta jawo kusan 1 kHz ce kawai. A shagon da rufinsa kwano ne, lokacin bazara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Gwajin ba shi da wahala. Kunna osileta, ka saurare ta a rasiba, sannan ka kusanto da bakin ƙarfen soda kusa da kapasitar ba tare da ka taɓa ta ba. Ta akwatin nan take za ka ji sautin ya zarce yana gudu. Ka ƙwanƙwasa ta da bayan biro, sai ka ji ƙarar ta fito a siginar, domin irin wannan yumbu yana mayar da girgiza ta zama lantarki. C0G ko gezau.

Filtar fita ta fi ba ni damuwa, don a nan wuta ke bi da ƙarfi. Sanannen tsarin 7 MHz yana ɗaukar 270 pF biyu a gefe da 680 pF biyu a tsakiya, da koyil uku a kan zoben garin ƙarfe T37-6, nadi 21 da 24 da 21. Wat 5 a kan om 50 yana ba da kusan bolt 22 a ƙololuwa, idan kuma eriya ba ta daidaita ba, yana iya ninkawa. Don haka kapasita mai bolt 50 tana bakin gaɓa, a nemi mai bolt 100 ko sama. Na akwatin suna ɗumama a wannan wuri, kuma duk ɗumin da ka ji a yatsanka ƙarfi ne da bai kai eriya ba. Maika mai azurfa ta fi kowa nutsuwa a nan, yawanci bolt 500 ce, sai dai tsada da girma. C0G mai bolt 100 tana yin aikin da kuɗi kaɗan, ita nake ba da shawara.

Folistarin tana da amfani guda mai kyau: ƙimarta tana raguwa kaɗan idan ta yi zafi, koyil ɗin da ke kan zoben garin ƙarfe kuma tasa tana ƙaruwa, sai su rage wa juna. Amma ba ta jure zafi, ka riƙe ƙafarta da filaya lokacin soda, in ba haka ba za ta narke daga ciki ba ka sani ba.

Inda na akwatin suka yi daidai shi ne tace layin wutar bolt 12. Sa 100 nF dab da kowane mataki, ka haɗa mata da 100 µF mai bolt 25 a mashigar wuta, ka lura da ƙafar mai alamar ragi. A yanke ƙafafu su gajarta, domin kowace milimita ta waya tana ƙara kusan 1 nH, wanda ke hana kapasitar aikinta idan firikwensi ya yi sama.

Kafin ka soda kowace ɗaya a filta, auna ta da mitar LC, wato na'urar auna koyil da kapasita. Duk gwaji kuma a yi shi a kan rizista mai om 50 da za ta iya ɗaukar wat 5, ba a kan eriya ba, har sai an mallaki lasisin watsawa.