Gotek a madadin na'urar fulofi: ra'ayina bayan na saka ta a tsohuwar kwamfuta

'Yan uwa masu riƙe da tsofaffin kwamfutoci a Nima da Mamobi da Sabon Zango, in na'urar fulofinku ta mutu ku duba Gotek kafin ku je Tip Toe Lane a Circle ku kwashi ta hannu. Ta hannun nan sa'a ce kawai, wata bakin karatun ya ci ƙura, wata man cikinta ya daskare, kuma ko kun dace da mai kyau ina faifan? Sony ma ta daina yin shi tun 2011, waɗanda suka rage kuma danshin iskar tekun Accra ya sa yawancinsu sun yi fumfuna.

Gotek ɗin girmanta ɗaya da fulofi mai inci 3.5, tana shiga gurbin daidai, waya mai fil 34 ɗin nan ita za ka soka mata da ƙaramar wayar wuta, sai dai maimakon faifai filashi kake sawa a gaba. Kwamfutar ba ta san an canza komai ba, tana ganin faifai mai 1.44MB ne kamar da. Ni a Pentium na saka, DOS ya tashi lafiya lau ba ƙara ba jira.

Amma fa ga inda maganar take. Manhajar da take zuwa da ita sai ka tsara filashin da wata manhaja ta daban, kana danna maɓalli biyu kana kallon lambobi uku kana ƙoƙarin tuna me ke cikin faifai mai lamba 014, abin da gajiya gaskiya. Ka sa mata manhajar FlashFloppy a madadinta, kyauta ce, Keir Fraser ne ya rubuta, daga nan kwafa fayil mai ɗauke da kwafin faifai gaba ɗaya kawai za ka yi cikin filashi, kuma tana karɓar ADF, wato irin wannan fayil na kwamfutar Amiga mai 880KB, da na kwamfutar Atari ST. In ka ƙara ɗan allon OLED har sunan fayil za ka gani, wallahi wannan kaɗai ya isa dalili. Wajen saye ka tambayi cif ɗin ciki, mai AT32F435 ta fi mai AT32F415 ƙarfi. Kuma ka kula da jamfa, wato ɗan abin da ake sokawa a kan fil biyu a bayanta, PC tana son S1, Amiga S0, in aka saɓa sai ka zaci ta lalace alhali ƙalau take.

Robar jikinta ba ta da kauri, kar a matse sukurun da ƙarfi.

Abu ɗaya da ba za ta yi maka ba shi ne karanta tsohon faifanka. Don haka in kana da takardu ko zanen keken surfani a faifai, nemi na'urar fulofi ta gaske guda ɗaya irin Teac FD-235HF ko Sony MPF920, a gwada maka a gabanka ta karanta ta kuma rubuta kafin ka ba da ko sidi ɗaya, ka kwashe komai tun faifan bai gama ruɓewa ba.