Gargaɗi: mai sayar da sukudireban jabu da sunan na 1000V

Masu gyaran wuta, talabijin da inbata, ku yi hattara da wani mai talla a WhatsApp da ke sayar da setin sukudireba guda shida, wai 'yan Jamus ne masu rufin 1000V, wato rufin robar da ke kare mutum daga wuta har ta volt 1,000. Naira 45,000 ya karɓa. Naira 45,000 a kan ƙarfen da aka tsoma a jar roba!

Kada wani ya ce min ba a duba ba, an duba. Bidiyon da ya turo na kayan gaske ne. Ga alamar alwatika biyu a haɗe, ga 1000V, ga IEC 60900, lambar ƙa'idar irin waɗannan kayan aiki, ga tambarin VDE, hukumar gwajin kayan wuta ta Jamus. Ya riƙa juya sukudireban a hankali gaban kyamara yana rantsuwa. Wane mai sana'a ne zai ga waɗannan alamomi ya ƙi yarda? A hankali fa ya juya shi, har sai da rubutun ya fito ɓaro-ɓaro.

Abin da aka ɗauko a tasha daban ne. Rubutun da farce yake kankaruwa. Robar siririya ce, in ka murɗa ta sai ta juya a jikin ƙarfen, in ka ja ta zame. Na gaske rufinsa manne yake gam har kusa da baki, kuma sai an gwada kowane ɗaya da volt 10,000 kafin a buga masa 1000V. Abin da ya fi ƙona min rai, biyu daga ciki ƙarfen ya ratsa mariƙin ya fito ta gindi, daidai inda tafin hannu ke dannawa. Ka sa mitar gwajin wuta tsakanin baki da gindi, ƙara take yi, alamar wuta na iya wucewa. Wutar gida volt 230 ce. Babban kafasitan talabijin, wato abin da ke adana caji a cikinta, kan riƙe sama da volt 300 ko an zare filogi. Irin wannan sukudireban kai tsaye hannun mutum zai kai wutar.

Har da gyara ya ƙara, sukudireba mai alamar ESD, ya ce shi ma na wuta ne. Ƙarya ce. Mariƙin ESD an yi shi ne don caji ya riƙa tsiyayewa ta jikinsa, saboda kada allon waya ko na kwamfuta ya lalace. Ba ya kare mutum daga wuta ko kaɗan.

Tun ma kafin kayan su iso ya daina ɗaga waya, bayan ya matsa a tura kuɗin a daren, wai saura seti ɗaya. Yanzu ya toshe lambata. Naira 45,000, ban da kuɗin mota. Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi da bidiyon mita duk suna nan, zan ɗora su.

Kada ku biya sai kun riƙe kaya a hannu, kun kankare rubutu, kun murɗa roba, kun sa mita. Wanda ya riga ya saya, kada ya kusanci wuta da shi.