Hutun ƙarshen mako a Legas: inda kamfanin yawo ya burge da inda ya yi sake

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun yi shekara da shekaru a Legas ba su san komai nata ba sai hanyar kasuwa, masallacin unguwa da tashar motocin Arewa. Irin waɗannan mutane ne wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na wasu matasa 'yan Arewa ya nufa da shirinsa na ƙarshen mako, wanda yake farawa da yammacin Juma'a ya ƙare da la'asar ɗin Lahadi. Kuɗin da aka biya ya haɗa da mota, masauki a Victoria Island, kuɗin shiga wurare, abincin rana da na dare, da kuma jagora mai jin Hausa da Yarbanci. Na shiga shirin tare da maiɗakina, kuma a ganina jagoran ne ya halatta kuɗin, domin shi ya san lokacin garin da abincinsa, sauran hidimar kuwa akwai gyara.

Sanin lokaci shi ne abu na farko da zan yaba masa. Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba ya sa aka tayar da mota zuwa Lekki, yana ba da haƙuri ga masu neman a jira shayi, cewa wanda rana ta ɗaga masa a kan babbar hanyar Lekki zuwa Epe, to gosulo ne zai cinye masa hantsi. Saboda haka muna cikin na farkon shiga gandun dajin Lekki Conservation Centre, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Hanyar katako ce ake bi a kan fadama, birai suna tsallakawa a gaban mutum ba tsoro, har ɗaya ya fizge ledar biskit daga hannun wata yarinya. Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar lilo da aka ɗaura a saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401. Tana rawa da kowane taku. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya tsaya cak a tsakiyarta ya riƙe igiya, jagoran ya koma baya ya ce masa, “Baba Alhaji, kada ku dubi ƙasa, ku dubi ƙeyata kawai,” da haka suka ƙarasa. Mai babbar riga gara ya bar ta a mota, mace kuma ta sa takalmi marar tsini.

A wajen abinci ne na ga bambancin tafiya da ɗan gari. Ya kai mu wani gidan amala na wata Bayarabiya Musulma, kuma kafin mu zauna ya shiga har madafa ya tambayi inda ake sayo naman, sannan ya fito ya ce, “Hajiya, ku ci da kwanciyar hankali, yankan Musulmi ne.” Amalar garin busasshiyar doya ce, shanyar da ake yi wa doyar ce take sa ta yi duhu, an kwaso ta da zafinta tana tururi, an zuba mata miyar ewedu, wato lalo, da gbegiri, miyar wake mai laushi, sannan jar miya mai manja a kai. Wanda ya saba da tuwon dawa da miyar kuka ba zai ji baƙunta ba, sai dai barkonon, wanda ya sa maiɗakina ta shanye gorar ruwa kafin ta kai rabin malmala. Naman akuya ya dahu har yana rabuwa da ƙashi, ganda kuwa ta yi laushi ba ta narke ba. Da aka zo maganar abin sha, jagoran ya ja hankalinmu ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi: lemon chapman da ake yi wa kallon ruwan 'ya'yan itace, a yawancin wurare ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci, Angostura, wanda akwai giya a cikinsa. Ya sa aka haɗa wa masu so ba tare da shi ba, sauranmu muka sha zoɓo mai citta da abarba.

Bayan sallar azahar a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 1988, mun leƙa masallacin Shitta-Bey na 1894 mai gini irin na 'yan Barazil, sannan muka wuce gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan. An kafa shi a 1957, kuma akwai sassaƙen tagulla na Benin da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda asalinsu daga kudancin jihar Kaduna ne. Amma ɗakin da ayarinmu ya fi daɗewa a ciki shi ne wanda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Hudojin harsasai suna nan a jikin motar. Jagoran bai cika mu da surutu a nan ba, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice ya ja gefe, dattawan da suka ga zamanin suka karɓi zancen, aka yi wa marigayin addu'a. Wannan hankali ne da ba kowane jagora yake da shi ba.

Mun ratsa Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da ke titin Broad wanda aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, amma ba mu daɗe ba, domin da yamma kiɗa da masu shan barasa ne suke cika wurin. Daren a Obalende muka ƙarasa shi wajen masu tsire, kuma ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayanin tsire ba.

Masaukin ne ya rage wa shirin armashi. Hotunan da kamfanin ya turo ta WhatsApp sun nuna ɗaki mai fuskantar ruwa, wanda aka ba mu kuwa tagarsa tana kallon ɗakin janareta, kuma da aka ɗauke wuta cikin dare haka ya yi ta ruri har asuba. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa a kan darduma, babu buta a banɗaki, babu alamar alƙibla, abin da bai dace da kamfanin da kusan duk masu hulɗa da shi Musulmi ne ba. Karin kumallo, wake dafaffe mai yajin manja da burodin Agege, ya yi daɗi, sai dai ya zo a makare.

Wannan makarar ita ta ɓata tsarin Lahadi. Tarkwa Bay bakin teku ne da ba a isa sai ta jirgin ruwa, kuma igiyar ruwansa ba ta da ƙarfi kamar ta sauran gaɓar Legas, saboda haka yara suna iya wasa a gefe. An ba kowa rigar hana nutsewa kafin jirgin ya tashi, mun sha ruwan ɗanyar kwakwa, mun ci gasasshen kifi da gasasshiyar agade a ƙarƙashin rumfa. Amma saboda mun isa rana ta take, sai aka soke ziyarar gidan zane-zane na Nike da ke Lekki, alhali yana cikin jerin wuraren da aka tallata mana. Jagoran ya ba da haƙuri bakin ƙoƙarinsa, ofishin kamfanin kuwa har yau bai ce komai ba game da abin da aka rage. Duk mai niyyar shiga shirin ya nemi a rubuta masa sunan otal da jerin wuraren da za a je kafin ya tura kuɗi, kuma ya tambaya ko jagoran da ya san gidajen abincin ne zai fita da ayarin a wannan makon.