Ganin likita ta waya ko zuwa asibiti: shawara ga mai soriyasis da ciwon ya sauka a gaɓɓai

Kusan mutum 3 cikin 10 masu cutar fata ta soriyasis, ciwon yakan sauka musu a gaɓɓai: yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, dunduniya ta yi ta zugi, a tashi da safe jiki a sandare. Mai irin wannan hali, ya fito daga Bukuru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo cikin sanyin hunturun Jos, ba ƙaramar wahala ba ce.

Duk da haka, ganin farko a yi shi ido da ido. Sai likita ya taɓa gaɓa, ya matsa ta, ya duba farce da fatar kai, kafin ya bambance ciwon da sauran amosanin gaɓɓai. Waya ba ta yin wannan.

Inda kiran bidiyo ke da amfani shi ne bibiya. Wanda aka ɗora a kan methotrexate, da ake sha sau ɗaya a mako, yana bukatar gwajin jini da na hanta a kai a kai. Sai ya yi gwajin a kusa da gida, ya tura sakamako da hoton fatar da ya ɗauka da hasken rana, su tattauna minti kaɗan. An huta da kuɗin mota, ba a rasa wunin kasuwa ba. Ga shi likitocin amosanin gaɓɓai ba su da yawa a Najeriya, ta waya kuwa kana Jos za ka ga wanda ke Abuja.

Hira ta saƙon WhatsApp ta fi arha, amma ban cika son ta ba, don likita bai ga yadda kake lanƙwasa yatsu ba.

Kafin ka biya, tambayi ko likitan na da rajista da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko shi ɗin dai za ka riƙa gani kowane lokaci, da yadda za a yi idan netwok ya katse. Wanda ya rubuta maka prednisolone ko diclofenac na dogon lokaci bai nemi gwaji ba, ka guje shi. Ƙoda da ciki ne za su ji a jika. Mace mai neman haihuwa ta faɗa tun farko, methotrexate yana cutar da ɗan tayi.

Idan ido ya yi ja yana ciwo, ko gaɓa ɗaya ta kumbura da zafi haɗe da zazzaɓi, a ajiye waya a tafi asibiti ranar.