Gargaɗi ga masu motoci a Gusau: kar a bar mota wurin juye a tafi

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata cuta da ta yi yawa a wasu garejin garin nan, kuma mafi yawan waɗanda ake yi wa ba su san an yi musu ba. Ka kai mota juye, ka biya kuɗin galan ɗin baƙin mai da sabuwar filta, a ce maka "Alhaji, je ka dawo bayan la'asar." Ka dawo ka tarar an goge inji fes. Amma man da ke ciki tsohon nan ne, lita ɗaya kawai aka yi masa ciko da ita, filta kuwa ta da ce aka wanke bayanta da fetur. Sauran lita ukun sun shiga motar wani, shi ma kuɗin cikakken galan ya biya.

Ba duka kanikawa nake nufi ba, wallahi akwai masu tsoron Allah da ko kusa ɗaya ba za su ci maka ba. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan mota suka yi tashin gwauron zabi, masu son banza suka ga kafa.

Abin da ya sa na damu shi ne halin da muke ciki a Zamfara. Tsohon mai ba ya nuna kansa a cikin gari. Sai ka ɗau hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ko ta Talata Mafara, cikin zafin watan Afrilu, mota cike da iyali, inji ya yi zafi ya buga. Kowa ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a waɗannan hanyoyin magariba na kawo jiki. Wanda ya ci kuɗin juyenka bai yi ba, da ranka ya yi wasa.

To ya za ka gane? Abu mafi sauƙi, ka tsaya. Juye ba ya cin awa guda. Ka ga an kwance noti na ƙasa tsohon mai ya tsiyaye tas, ka ga an fasa murfin galan a gabanka. Ƙananan motoci irin su Corolla da Golf kusan lita 4 suke sha. In galan ya ƙare ka huda shi ko ka tafi da abinka, domin irin waɗannan galan ɗin ake ɗura wa jabun mai a sake liƙe baki. In dole ne ka tafi, to kafin ka miƙa makulli ka karce tsohuwar filta da ƙusa a inda ido ba ya saurin kaiwa. Ka dawo ka ga kartarka tana jikin inji, magana ta ƙare. Sannan ka zaro geji, wato ƙarfen da ake auna baƙin mai da shi, ka shafa a farar takarda: sabon mai a injin fetur garau yake, kalar zuma. Na dizal dai yana saurin yin baƙi, don haka kar ka yi wa mutum ƙazafi da wannan kaɗai.

Inda cutar ta fi muni shi ne aikin da ke ɓoye, kamar taimin bel da birki da fulogi. Bel ɗin nan a rufe yake, kuma in ya tsinke ana tafiya, a injina da yawa har bawul yake lanƙwasawa. A nan ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da aka ce an canza, a ba ka tsohon a hannu tare da kwalin sabon, ka kuma duba ko na irin motarka ne, don akwai mai ɗauko maka na wata mota daga tarin ƙarafa. Filtar iska ma buɗe ta ka gani da idonka, da ƙurar hunturun nan ba a ɓoye tsohuwa. Ka rubuta kilomitar da ke jikin mita da ranar, domin man da aka fi amfani da shi a nan ana juye shi ne wajen kilomita 5,000.

Na san abin da ke hana mutane, kunya ce. Bakaniken ɗan unguwa ne, sahu ɗaya kuke sallah, sai ka ji nauyin cewa "Malam, ina tsohuwar filtar?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, shi da kansa yake ajiye maka ita. Wanda ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba, ɗauke motarka. Masu aiken direba ko yaron gida su ma su riƙa neman tsofaffin kayan, don wani lokacin baki ake haɗawa.

In ka kama mutum, kar ka tsaya cacar baki a gareji. Ɗauki hoton filtar da gejin, ka kai wa shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA na wurin. In jabun mai aka sayar maka, hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ce ke da hurumin wannan, ka tafi musu da galan ɗin.