Shagon wanke hoto mai gasar wata-wata: aiki ya yi kyau, gasar ce da saura

Ƴan uwa masu ɗaukar hoto don sha'awa a nan Yamai, tunda maganar shagon nan ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu, kowa da tasa, wasu ma ko ƙofar wurin ba su taɓa takawa ba, bari ni ma in faɗi nawa. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Shagon wanke hoto ne da maigidan ya ƙirƙiro gasa duk ƙarshen wata ga waɗanda hoto ba sana'arsu ba ce. Ina kai musu aiki tun kafin a fara gasar, na shiga kuma ban ci ba, na faɗa tun yanzu don kar wani ya ce haushi ne ke cina.

Wajen wanki dai wallahi ba ni da ta cewa. Yaron da ke zaune gaban ordinater ba ya karɓar hoton da aka turo ta WhatsApp haka kawai, sai ya ce maka "yaya, turo shi a dokima ko ka kawo kile", kuma yana da gaskiya, don WhatsApp matse hoto yake yi ya zubar da rabin abin da ke ciki, a salula ba ka ganewa, sai an fitar da shi a takarda ka ga fuska ta yi dishi-dishi. Hoto mai santimita 20 da 30 in ana so ya fita tas a 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci na takarda) yana buƙatar fiksel kusan 2,400 da 3,500, wato wajen megafiksel 8 da ɗoriya, wanda kusan kowace salula ta yanzu tana da shi in ba a matse ba. Yana kuma nuna maka inda takarda za ta yanke kafin ya danna, saboda yawancin salula 4:3 suke ɗauka ita kuwa takardar 2:3 ce, dole wani abu ya tafi, ko sama ko ƙasa, to gara kai ka zaɓa da a sare wa kawunka hula.

Abin da ya fi riƙe ni wurinsu launin fata ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar baƙin mutum cikin farar shadda da rana tsaka ya san wahalar, ko fuska ta nutse ko riga ta ƙone ba ka ganin ɗinki ko ɗaya. Wasu shagunan maganinsu guda ne, su ƙara haske har mutum ya koma kamar ya sha man bilicin. Nan ba sa yi. In babban hoto za ka fitar sukan fara buga maka ƙarami, 10 da 15, ka fita waje ka duba shi a hasken rana, don allon salula yana da fitila a bayansa takarda ba ta da, kullum hoto ya fi duhu a takarda. Kuma ba sa taɓa maka hazo. Hoton da na ɗauka da hunturu a bakin kogi ta ɓangaren Harobanda, sama ta yi fari-fari ruwan ƙasa, haka suka bar min shi, ba wanda ya mayar min da ita shuɗiya wai don ta yi kyau.

Inda suke da rauni alƙawari ne. "Dawo bayan la'asar" a bakinsu sau da yawa gobe ke nan, in kuran ta ɗauke ko masu hoton fasfo da na biki suka yi layi, mu masu hoto ɗaya biyu sai a tura mu baya. Firam ɗinsu ma ban ba kowa shawara ba, ƙura na shiga bayan gilashin, ka karɓi takardarka ka kai wa mai firam dabam.

Yanzu zaman ranar Asabar, wanda a ganina shi ne ainihin abin da wurin nan ke da shi kuma ba a biyan ko dala. Bayan la'asar ake fito da tebur, a ɗora shayi, kowa ya shimfiɗa abin da ya kawo. Akwai wani dattijo da ya yi zamanin fim da ɗakin duhu, Baba kawai muke ce masa, yana da kwali biyu da ya yanke kamar kusurwar maginin gida, su yake ɗorawa kan hotonka yana matsawa a hankali. Na ga ya yi wa wani yaro ɗan jami'a haka da hoton masunci cikin kwalekwale. Ya rufe sama, ya rufe gefen hagu inda wata leda ke yawo kan ruwa, sai ga hannun mutumin da taru kawai sun cika wurin. Ya ce "ɗana, wannan ne ka gani, sauran duk tsoron matsawa kusa ne." Sannan ya ɗan karkata takardar ya nuna masa ruwan ya zube gefe guda, kogi ba ya gangara zuwa dama. Yaron ya yi shiru ya yi dariya. Ku gwada wannan da abin da muke yi wa juna a waya, mutum ya sa hoto, mutum talatin su rubuta masha Allah da alamar wuta, ba wanda zai ce maka fitilar titi ta tsiro a kan amarya. Baba ne ma ya fara ba mu labarin Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar dare ta Yamai a shekarun 1960 da 1970, da Malick Sidibé na Bamako da aka ba kyautar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Venis a 2007, da yawanmu sai a bakinsa muka fara jin sunayen.

Ƙorafina ɗaya kan zaman, in mace ta kawo hoto sai ka ga ana ta lallaɓawa, "ya yi kyau hajiya", a wuce. Wata ƙanwarmu da ke ɗaukar mata masu sayar da kayan miya a Katako ta faɗa musu a fili cewa ita gyara ta zo nema ba yabo ba, daga ranar aka fara yi mata magana kamar kowa.

To sai gasar. Ana biyan kuɗin shiga, ba yawa, ana wanke hoton a liƙa a bango, wanda ya ci a ba shi kyauta da wanki kyauta. Tunanin mai kyau ne. Amma rabin maki daga laik ɗin Facebook yake fitowa, kuma nan ne komi ya lalace. Wanda ke da dangi daga nan har Damagaram, ko yana cikin guruf ashirin na ƴan makarantarsu, shi da cin gasa ba sai ya iya riƙe kyamara ba, daren ƙarshe sai ka ga saƙo ya shigo maka daga wanda rabonku da gaisawa tun sallar bara, "don Allah danna min". Wannan ba auna hoto ba ne, auna jama'a ne, kuma kowa ya san har sayen laik ana yi a intanet. Maigidan ya san haka sarai, shi talla yake samu, shafinsa na cika, ban ga laifinsa ba a matsayin ɗan kasuwa, amma sai ya ware ta ya ce ga kyautar zaɓin jama'a, ga ta alƙalai.

Ɗaya rabin na alƙalai ne, su uku, kuma suna ganin sunan mai hoto ƙarara a ƙasan takarda, wasu ma sun manna sunansu da manyan baƙaƙe a cikin hoton. Ban ce an yi son kai ba, ban ga an yi ba. Amma a gari irin namu inda alƙali ya san babanka kuma gobe za ku haɗu wajen suna ko ɗaurin aure, mi ya sa za a ɗora masa wannan nauyin? Lamba kawai za a rubuta a bayan hoto, sunayen su zauna a ambulan har a gama. Ba ya cin ko tamma.

Maganar gyaran hoto kuwa ba doka ko ɗaya, kuma ita ce ta kawo rigimar watan jiya da aka yi ta cewa faɗuwar ranar da ke hoton da ya ci ba ta wurin ba ce, ɗauko ta aka yi aka liƙa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba wanda zai iya rabewa tunda ba a nemi asalin hoton ba, kuma shi kansa yaron da ya ci an cuce shi in har bai yi ba. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A 2015 gasar World Press Photo ta fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima, kuma ta hanyar gwada su da asalin fayil aka gano. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni a Sony World Photography Awards da hoton da AI, wato fasahar ordinater mai kwaikwayon basirar mutum, ta ƙera, ya ƙi karɓar kyautar. In manya sun ruɗu, mu da ke duba hoto a bangon shago fa? Abin da ake buƙata kaɗan ne, duk wanda ya kai biyar ɗin ƙarshe ya kawo asalin hotonsa, RAW (ɗanyen fayil da ba a taɓa ba) in kyamara ce, in salula ce wanda ke cikinta da bayanansa na EXIF, rana da awa da irin na'urar, a kuma rubuta a fili cewa gyaran haske da launi da yanke gefe ya halatta, ƙara abu ko cire shi bai halatta ba.

Masu cewa a raba ƴan salula da masu babbar kyamara, ni ban damu da wannan sosai ba. In jigon watan kokowa ne ko raƙuman dawa na Kure, e, mai kyamara da dogon gilashin jawo nesa ya fi ka, ba gardama. Amma a hoton kasuwa ko na cikin gida na sha ganin Tecno ta kayar da Canon a teburin Baba. Abin da ya fi damuna shi ne hotunan almajirai da mabarata da ke cika bangon duk wata, an ɗauka daga nesa ba sallama ba tambaya, kuma su ne ke jawo laik.

Na faɗa wa maigidan duk wannan baki da baki, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce "Alhaji, maganar lamba na karɓa, ta laik kuwa sai na yi shawara da yarana." Za mu gani a ƙarshen wata. Kafin nan ni dai zan ci gaba da kai musu wanki, kuma wanda zai zo zaman Asabar ya taho da hotonsa a takarda, ko 10 da 15 ne, don Baba ba ya duba hoto a salula.